Motar Kwatanci da Idon Mutumin Gwantu

Duk wanda ya taso a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, ko ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos da ta ratsa garin, ya san motar da ake kira wagon. Ita ce ƙaramar mota mai dogon baya, wadda rufinta ya miƙe har ƙarshe, aka haɗe wurin zama da wurin kaya. A wurinmu motar haya ce. To amma a Turai akwai irinta da ake ƙerawa domin masu hannu da shuni, kuma ana tafka muhawara a kan fasalinta. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikinsu, da dalilin da ya sa ra'ayi ke bambanta a kanta.

Bari mu fara da suna, tunda harshe muke nazari. Ingilawa na kiran wannan mota estate, Amurkawa su ce station wagon, Faransawa kuwa break. Mu na Amurkawa muka ara, muka gutsure shi. Akwai kuma shooting brake, wanda asalinsa keken doki ne da attajiran Ingila ke fita farauta da shi, ya ɗauki mutane da karnuka da bindigogi. Yau ana laƙaba shi ga wagon ta ƙawa mai gajeren rufi. Ka ga ke nan tun daga suna aka rabu: su kalmar na tuna masu da gandun attajiri, mu kuwa da tashar mota.

Ita kuma motar kwatanci, mota ce da kamfani ke ƙera guda ɗaya ko 'yan kaɗan, ya kai bajekoli domin a gani a tofa albarkacin baki. Ba ta sayarwa ba ce. Misalinta shi ne Instinct, wadda kamfanin Peugeot (Fijo a bakinmu) ya nuna a Basalona a watan Fabrairun 2017, sannan a bajekolin motoci na Janeba a watan Maris. Kujerunta huɗu ne kacal. Ƙofofin baya ta baya suke buɗewa, babu ginshiƙi tsakaninsu da na gaba. Tana aiki da fetur da lantarki, da ƙarfin doki 300. An tsara ta yadda idan aka bar ta ta tuƙa kanta, sitiyarin zai naɗe ya shige ciki.

Masu yabonta da ido suke hukunci. Sukan ce wagon ta daɗe da kamannin akwati, ga shi an kwantar da rufin, an faɗaɗa ƙugun, ta zama abin sha'awa. Masu suka kuwa cewa suke yi, duk abin da aka rage a tsayin rufi daga wurin kaya aka ɗebe shi, kuma na baya sai ya sunkuya.

Na taɓa nuna hotonta a waya ga wani dattijon direba a tashar Gwantu. Bai ko kalli fitilun ba. Ƙasan motar ya duba, ya tambaye ni yadda za ta tsallake rami da damina, sannan ya so ya ji buhun citta nawa but ɗinta zai ci idan an yi lodi daga Kafanchan. Da na ce masa mutum huɗu take ɗauka, sai ya miƙo mini wayata.

Kada mai karatu ya ɗauka rashin wayewa ne. Mizaninsa Fijo 504 ce, kuma mizani ne mai nauyi. An fito da 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, wanda ya yi suna wajen zana motocin Ferrari. Wato ita ma ba a raina ta wajen kyau ba a zamaninta. Mai dogon bayan, samfurin iyali, layin kujeru uku gare ta. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Fijo a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, tana shanye gargada, kuma kowane bakanike na bakin titi ya san cikin injinta. Wanda ya yi shekara talatin yana ciyar da iyali da irin wannan mota, in ya ji an ce wagon, abin da zai nema ke nan.

A nawa ganin, direban ya yi gaskiya a kan hanya, sai dai ya auna motar da abin da ba a yi ta dominsa ba. Aikin motar kwatanci shi ne gwada fasali, a ga wanda jama'a za su karɓa. Porsche ta nuna Panamera Sport Turismo a Faris a 2012, ba ta shiga kasuwa ba sai 2017. Ita Instinct ba a taɓa sayar da ita ba, amma dogayen fitilunta na gaba, masu saukowa kamar haƙoran zaki, sun bayyana a sabuwar 508 ta 2018. Wagon ɗin 508 da ta biyo baya a shekarar ta zo da ƙofofi irin na kowa, da kujerun mutum biyar, da sitiyarin da ba ya zuwa ko'ina.