Hanci (asalin kalma)

Hanci kalma ce ta Hausa da ke nufin gaɓar da ake numfashi da shaƙar ƙamshi ko wari da ita. Jam'inta hantuna. Ba aro ba ce daga Larabci. Tana cikin tsofaffin kalmomin da Hausa ta gada daga uwar harsunan Cadi.

Asali

Jam'in ne ya adana tsohuwar sigar kalmar. A Hausa harafin t kan koma c idan wasalin i ko e ya biyo baya, kamar a mota da motoci, ko sata da sace. Saboda haka hanci ta fito ne daga *hanti, kuma t ɗin ya tsira a hantuna domin u ne ya bi shi. Alamar tauraro na nuna sigar da masana suka gano ta hanyar kwatanta harsuna, wadda ba a same ta a rubuce ba.

A binciken da Paul Newman da Roxana Ma suka wallafa a 1966, baƙaƙen t da n ne saiwar kalmar a harsunan Cadi. Har yau ana jin su a Ngizim (tən) da Bolanci (wunti), harsuna biyu na Jihar Yobe.

Harafin h na farko shi ne ya fi jan hankali. A 1976 Newman ya nuna cewa kalmomi da dama da ke farawa da ha a yau, da wasali suke farawa a da, h ɗin daga baya ya shigo. Gaɓoɓin jiki da yawa na da wannan farko: haƙori, hanji, haɓa, harshe. Ta ƙarshen, wadda Katsinawa da Sakkwatawa ke furtawa halshe, in an cire ha saura l da sh, dangin Larabcin lisan.

Kwatanci da harsunan Turkawa

Da irin wannan hanya aka gano *burun, kalmar hanci a uwar harsunan Turkawa. Turkanci da Uzbek na cewa burun, Kirgiz kuwa murun, inda b ya koma m saboda n da ke ƙarshen kalmar. Mahmud al-Kashgari ya kawo ta a ƙamusunsa na ƙarni na 11. Wasu sun danganta ta da aikatau bur-, wato fitar da ƙamshi, sai dai masana ba su haɗu a kan haka ba.