AMURKA: YAƘI DA BAMBANCIN LAUNIN FATA A GIDAN LIKITA

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki. A duniya duka babu ƙasar da ta kai Amurka kashe kuɗi wajen kiwon lafiya. Amma duk da wannan arziki, idan ciwo ya kama mutum a can, launin fatarsa da asalinsa suna da hannu cikin irin kulawar da zai samu. A shekarar 2022, cikin kowane jarirai 1,000 da mata baƙar fata suka haifa, kimanin 11 sun rasu kafin su cika shekara guda; wajen farar fata kuwa ba su kai 5 ba. A wannan shekara kuma, cikin haihuwa 100,000, mata baƙar fata kusan 50 suka rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa, farar fata 19.

An daɗe ana cewa wai abin a jini yake. Tarihin shekaru 60 da suka wuce ya ƙaryata wannan magana. Hannun mutum ne ya gina bambancin, kuma duk inda hukuma ta tashi tsaye da gaske sai a ga ya ragu. Ga yadda abin ya faru.

Asibiti guda, ƙofa biyu

An hana bauta a Amurka a shekarar 1865, amma a jahohin kudu sai aka maye gurbinta da dokokin wariya. Makaranta dabam, wurin zama cikin mota dabam, asibiti ma dabam. Wasu asibitocin ba su karɓar baƙar fata ko kaɗan. Waɗanda ke karɓa kuwa sukan ajiye su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko wani tsohon gini na baya. Likita baƙar fata ba shi da izinin kwantar da majinyacinsa a asibitin farar fata. Har jinin da ake ƙara wa marasa lafiya, a wasu jahohi sai an rubuta launin wanda ya bayar a jikin kwalbar.

A shekarar 1946 majalisar ƙasar ta yi dokar da ake kira Hill-Burton, wadda ta ba da kuɗin gwamnati don gina asibitoci. Dokar ta yarda a raba baƙi da fari, muddin an ce kulawar daidai take. Ke nan da harajin da kowa ya biya aka gina wuraren da ake korar wasu.

A garin Greensboro na jahar Karolina ta Arewa, wani likitan haƙori baƙar fata mai suna George Simkins ya haɗa kai da ƴan uwansa likitoci da wasu majinyata, suka kai ƙarar asibitoci biyu na garin a shekarar 1962. A watan Nuwamba na 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya: asibitin da ya ci kuɗin gwamnati ba shi da ikon yin wariya. A watan Yuli na 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar haƙƙin ɗan ƙasa, wadda ta haramta wariya a duk wani aikin da kuɗin gwamnatin tarayya ya shiga. Amma doka a takarda dabam, aiki da ita dabam. Asibitoci da yawa suka toshe kunne.

Kuɗi ya buɗe ƙofa

Abin da ya karya taurin kansu shi ne wani shiri mai suna Medicare, wanda aka kafa a 1965 don gwamnati ta riƙa biyan kuɗin jinyar tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. An sa ranar 1 ga watan Yuli na 1966 a fara aiki da shi. Gwamnati ta gindaya sharaɗi guda: asibitin da bai bar wariya ba, ko dala ba zai gani ba. Tun da tsofaffi ne suka fi kwanciya asibiti, wanda ya rasa wannan kuɗi ya san rufewa ce ke jiransa.

Aka aro ɗaruruwan ma'aikata daga ofisoshi dabam dabam, aka ba su horo na ɗan lokaci, aka aika su bincike. Wasu asibitocin suka yi dabara: ran da masu bincike za su zo sai a gauraya majinyata, suna juya baya a mai da kowa wurinsa. Sai dai masu shara da masu dafa abinci da malaman jinya baƙar fata suna ciki, suna gani, su ne suka riƙa tona asiri a ɓoye. Cikin wata huɗu asibitoci fiye da 1,000 suka cire allunan wariya, suka haɗa ɗakunan jira da na kwanciya.

A shekarar 1960, cikin jarirai baƙar fata 1,000, kimanin 44 ke rasuwa kafin shekara guda, farar fata 23. Zuwa 1970 sun koma 33 da 18. A karkarar jahar Misisipi mutuwar jarirai baƙar fata da zawo da ciwon huhu ta ragu ƙwarai cikin ƴan shekaru. Masana sun yi saɓani kan rabon da buɗe asibitoci ya ɗauka cikin wannan ci gaba, domin a lokacin ne kuma aka ƙara taimakon abinci da kuɗin magani ga talakawa. Abin da babu gardama a kansa shi ne, wariyar da aka ce ba ta kawuwa ta kau daga ɗakunan asibiti cikin watanni kaɗan, da zarar an haɗa doka da kuɗi da bincike.

Lokotoron da ya rubuta abinci

Buɗe ƙofa bai amfani wanda ba shi da halin isa bakinta ba. A nan ne wata dabara da ta fito daga Afirka ta yi aiki. A shekarar 1940, a Pholela ta ƙasar Afirka ta Kudu, likitoci biyu mata da miji, Sidney da Emily Kark, suka kafa gidan likita na karkara tsakanin Zulu. Sun horar da mutanen wurin su bi gida gida, su ƙidaya haihuwa da mutuwa, su duba ruwan sha da abinci. Wani ɗalibin likita daga Amurka, Jack Geiger, ya je ya ga aikin da idonsa, ya koma gida da shi a zuciya.

A 1965 Geiger da abokin aikinsa Count Gibson suka samu kuɗin gwamnati don kafa irin wannan wuri guda biyu: ɗaya a wata unguwar talakawa ta birnin Boston, ɗaya a Mound Bayou ta jahar Misisipi, garin da ƴantattun bayi suka kafa a 1887. Na Mound Bayou ya fara aiki a 1967. A lokacin injin tsinkar auduga ya raba dubban ƴan ƙodago da aikinsu, yunwa ta shiga gidaje, tamowa ta kama yara.

Ma'aikatan wurin suka gina rijiyoyi da salga, suka gyara gidaje, suka sa mota ta riƙa ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka. Wani ma'aikacinsu, John Hatch, ya tara iyalai suka kafa ƙungiyar gama kai ta noma, aka shuka kayan lambu a ƙasar da ba ta san komi ba sai auduga. Yaron da tamowa ta kama kuwa, sai lokotoro ya rubuta masa takardar madara da ƙwai da nama, uwar ta kai kanti ta karɓa, a biya daga kuɗin magani. Da manyan Washinton suka yi ƙorafi, Geiger ya amsa musu cewa iyakar saninsa, maganin da littattafan likita suka rubuta wa tamowa shi ne abinci.

Daga waɗannan wurare biyu shirin ya bazu. A shekarar 2023 irin waɗannan gidajen likita na jama'a sun duba mutum fiye da miliyon 30, kuma doka ta ce mafi yawan ƴan kwamitin da ke riƙe da kowane ɗaya su kasance daga cikin masu zuwa neman magani a wurin.

Amana da ƙidaya

Akwai kuma wani ciwon da ba a gani, wato rashin yarda. Daga 1932 zuwa 1972, ma'aikatar lafiya ta gwamnatin tarayya ta bi wasu maza baƙar fata kimanin 600 a Tuskegee ta jahar Alabama, 399 daga cikinsu suna da tunjere. Ba a gaya musu sunan ciwonsu ba, kuma ko da aka samu allurar fenisilin mai warkar da shi, ba a yi musu ba, don kawai a ga yadda ciwon ke cin jiki. Sai da jarida ta fasa ƙwai aka tsaida aikin, sai 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara da sunan ƙasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: har yau akwai iyalan da ke ɗari-ɗari da asibiti.

A shekarar 1985 ministar lafiya Margaret Heckler ta fito da wani rahoto da ya nuna cewa kowace shekara baƙar fata kimanin 60,000 ke rasuwa fiye da yadda za a samu da a ce lafiyarsu daidai take da ta farar fata. A 1986 aka buɗe ofishi na musamman don lafiyar ƙananan ƙabilu. A 2002 kuma babbar cibiyar masana aikin likita ta ƙasar ta binciki nazari fiye da 100, ta gano abin da ya fi ɗaci: ko da mutum biyu kuɗinsu ɗaya, inshorarsu ɗaya, ciwonsu ɗaya, sau da yawa baƙin ba ya samun aikin zuciya ko maganin zafin ciwo kamar yadda farin ke samu. Da ba a rubuta launin majinyata an kwatanta ba, da wannan bai fito fili ba.

Darasin jahar Delaware

Ko za a iya share bambancin gaba ɗaya? Wata ƙaramar jaha ta gabas mai suna Delaware, wadda mutanenta ba su kai miliyon ɗaya ba a lokacin, ta gwada da ciwo guda, wato sankarar babban hanji. Wannan ciwo, idan an duba hanji da na'ura tun da wuri, ana iya cire tsiron kafin ya zama illa.

Daga 2002 jahar ta ɗauki nauyin duban hanji ga masu ƙaramin ƙarfi da ba su da inshora. Daga 2004 ta ƙara da biyan kuɗin jinyar wanda aka samu da ciwon, domin babu amfanin gaya wa talaka ciwonsa idan ba za a yi masa magani ba. Sa'an nan aka sa malaman jinya na musamman a asibitoci, aikinsu shi ne su nemi mutum, su yi masa bayani, su sa masa rana, su bi sawunsa idan bai zo ba. Aka kuma bi ta majami'u da ƙungiyoyin unguwa, inda jama'a suka yarda da mai magana.

Kafin shirin, cikin baƙar fata masu shekara 50 zuwa sama, 48 cikin 100 aka taɓa dubawa, farar fata 58. Zuwa 2009 dukansu sun kai kimanin 74 cikin 100. Mutuwar baƙar fata da wannan ciwo ta ragu da 42 cikin 100, har ta kusa daidai da ta farar fata. Aikin duban kuwa wajen dalar Amurka miliyon ɗaya ya riƙa ci a shekara, abin da bai taka kara ya karya ba cikin kuɗin jaha.

Sauran aiki

A Amurka mafi yawan mutane da inshora suke biyan likita, wato asusun da ake zuba kuɗi kowane wata don ranar ciwo. Dokar da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 ta faɗaɗa wannan hanya. Cikin waɗanda ba su kai shekara 65 ba, baƙar fata marasa inshora sun ragu daga kimanin 20 cikin 100 a 2010 zuwa 11 a 2016. Ƴan asalin Latin Amurka kuwa daga 33 zuwa 19. Sai dai a 2012 kotun ƙoli ta bar wa kowace jaha zaɓin faɗaɗa taimakon jinyar talakawa ko ƙi. Har zuwa 2024 jahohi 10 ba su yarda ba, yawancinsu na kudu, har da Misisipi da Alabama inda baƙar fata ke da yawa.

Mutanen asali na ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, su ne suka fi kowa shan wuya. A lissafin 2021, lokacin annobar korona, matsakaicin tsawon ransu shekara 65 ne, baƙar fata 71, farar fata 76.

To, jama'a, sai mu lura da abu guda cikin alƙaluman jarirai. Daga 44 an sauko zuwa 11, wannan babbar nasara ce. Amma a 1960 jaririn baƙar fata ya ninka na fari sau biyu wajen haɗarin mutuwa, a 2022 ma haka, har da ɗoriya. Wato ci gaban da ya game kowa ba ya cike ramin da ke tsakani, sai an nufi ramin da gangan, kamar yadda aka yi a 1966, da Mound Bayou, da Delaware. Duk ma'aikacin da aka danƙa wa lafiyar jama'a, ko a wace ƙasa yake, kada ya tsaya ga jimillar da ke cikin rahoto. Ya buɗe rajista ya duba su wane ne ke zuwa gidan likita, su wane ne ba su zuwa, ya tambayi dalili: nisa ne, ko kuɗi, ko harshe, ko wulaƙancin da suka taɓa gani. Idan ya samu amsa, ya tashi ya je inda suke.