Bindigar Ƙusa: Aikinta da Haɗarinta

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi take ci, ba zai rasa ganin mai faci a bakin titi yana ba taya iska da injinsa ba. Irin wannan inji ne yake sarrafa wata na'ura da ta soma shiga hannun kafintocinmu, wato bindigar ƙusa. Ɗalibin da ke zuwa koyon kafinta lokacin hutu yana iya cin karo da ita, don haka ya kamata a san halinta tun kafin a riƙe ta.

A shekarar 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, ƙarfinta zai ninka, muddin zafinta bai sauya ba. Injin yakan matse iska cikin tanki, ta bi tiyo zuwa bindigar. Da an ja kunama sai bawul ya buɗe, iskar ta tura fistin, shi kuma ya doki kan ƙusa. Ƙarfin wannan iska ya ninka na tayar ƙaramar mota sau biyu zuwa uku. Abin da ya huda katako nan take kuwa, ba zai yi shayin ƙashin mutum ba.

Kunamar iri biyu ce. Akwai wadda idan yatsa yana kanta, duk abin da bakin bindigar ya taɓa sai ƙusa ta fita, ko da cinyar mai aikin ce. Akwai kuma wadda sai an fara danna bakin a kan katako, sannan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita. Binciken da aka yi a Amurka, inda tsakanin 2001 da 2005 kimanin mutum 37,000 suke zuwa asibiti duk shekara saboda raunin wannan na'ura, ya nuna haɗarin ta farko ya ninka na ta biyu.

Saboda haka mai aiki ya sanya tabarau na kariya, ya janye ɗaya hannun nesa da inda ƙusa za ta shiga, domin takan kauce idan ta haɗu da wuri mai tauri. Kada ya yi tafiya yatsansa na kan kunama. Idan ƙusa ta maƙale, ya cire tiyo kafin ya taɓa bakin. Haka kuma kada a kuskura a haɗa ta da tukunyar oksijin ta masu walda, domin haɗuwar oksijin da mai tana haddasa fashewa.

Kula da ita ba wuya. Kowace safiya a ɗiga man da aka tanada dominta a mashigar iska, sai dai in irin wadda ba ta buƙatar mai ce. Da yamma a tsiyaye ruwan da ya taru a gindin tanki, musamman da damina, don kada tsatsa ta ci shi. Da hunturu kuwa a riƙa wanke matatar iska daga ƙura.

To, idan ƙusa ta shiga jiki fa? Ramin ƙarami ne a ido, amma yana da zurfi, kuma iska ba ta isa can ciki. Irin wurin da ƙwayar Clostridium tetani, mai haddasa cutar sarƙe-haƙora, take so ke nan. Tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi irin su doki da saniya, inda take lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri ta shekara da shekaru. A yankin kiwo kamar namu ba ta da nisa da kowa. Ba tsatsa ce ke kawo cutar ba, kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka, ƙwayar ce, kuma dattin da ke jikin sabuwar ƙusa ma yana iya shigar da ita. Alamun sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, gubar ƙwayar ta sandarar da muƙamuƙi, sannan sauran jiki.

Kada a zare ƙusar da ta nutse a jiki, kada kuma a cusa toka ko ƙasa a raunin. A rufe shi da ƙyalle mai tsabta, a garzaya asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita lokacin da aka yi allurar rigakafi ta ƙarshe.