Zango a bakin tabkin Madarunfa

Mai tafiya mai nisa ba ya wuce zango. Zango shi ne wurin da matafiyi yake sauke kaya, ya sha ruwa, ya ci abinci, ya kwana, gobe da asuba ya ɗaura ya wuce. Wannan kalma tsofuwa ce ga Hausawa. Ku tambayi kakanninku, za su ba ku labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Tafiyarsu watanni take ci. Madugu ne shugaban ayari, shi ke faɗin inda za a sauka. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Ba su jiran dare ya same su bisa hanya. Tun da sauran rana suke yada zango, don jakuna su yi kiwo, mata su girka tuwo, a kuma ga wurin da kyau kafin duhu.

Wasu zangunan sun daɗe har sun zama unguwanni. Damagaram tana da unguwar Zango, inda ayarin Abzinawa yake sauka. Yamai ma tana da tata. Can ƙasar Gana, a Kumasi da Akara, unguwannin da Hausawa suka zauna har yau zango ake ce musu.

Yau mota ta gaje jaki, amma gajiya ba ta bar jikin mutum ba. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne bisa babbar hanya, wadda ta bi ta Doso, Birnin Ƙonni, Gidan Rumji, Maraɗi, Gazawa da Tasawa. Direban da ya ce sai ya cinye ta gaba ɗaya ba hutawa yana wasa da ransa da ran mutanen da ya ɗauko. Barci ba ya sallama in zai zo. Sauri kuwa, in ji manya, ya haifi nawa.

A ƙasashen da suke da teku, kamar Benin da Togo, matafiya suna son su yada zango cikin wani ƙaramin gari na bakin ruwa, su kafa tanti bisa rairayi, su kwana suna jin ƙarar igiyar ruwa. Nijar ba ta da teku. Daga Maraɗi zuwa gaɓar da ta fi kusa ya fi kilomita 800. Amma muna da tabkuna, kuma a jihar Maraɗi wanda ya fi suna shi ne tabkin Madarunfa.

Wanda ya taso daga Cadakori zai gangaro babbar hanya, ya wuce Tibiri, garin Sarkin Gobir, ya shiga Maraɗi, sannan ya yi kudu. Daga Maraɗi wajen kilomita 20 ko ɗan fiye ne. Garin Madarunfa yana daf da ruwan. Ba shi da hayaniya irin ta Maraɗi.

Daga ina wannan ruwa yake zuwa? Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, cikin Najeriya. Ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa kusa da Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya zuba cikin gulbin Rima. Da damana, in ya cika ya batse, shi da gulbin Gabi su ne suke shayar da tabkin. Lokacin nan faɗin ruwan yana kai hekta 800. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi; ku gwada ta cikin filin makaranta ku gani, sannan ku ƙiyasta irinta 800. Da rani ruwa yana ja da baya, ya bar laka mai albarka. Nan manoma suke bin sa da shuka.

Duk wanda ya zauna bakin tabki da azahar zai ji wata iska mai sanyi tana taso masa daga wajen ruwa. Ga dalili. Rana tana gasa ƙasa da sauri, amma ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi. Iskar da ke bisa ƙasa sai ta yi zafi ta tashi sama, wadda ke bisa ruwa, mai sanyi, ta zo ta maye wurinta. Da dare abin yana juyawa, don ƙasa tana rigan ruwa hucewa. A bakin teku wannan iska tana da ƙarfi ƙwarai. A bakin tabki kaɗan ce, amma ta isa ta sanyaya jikin wanda ya wuni cikin mota.

Lokacin da ya fi daɗin sauka shi ne bayan kaka, cikin ɗari, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Tabki yana da ruwa, hanya ta bushe, sauro ya ragu. Sai dai a taho da bargo, don sanyin asuba a bakin ruwa ba wasa ba ne. Lokacin ne kuma tsuntsaye suka fi yawa. Ban da balbela da zalɓe da kirinjijiya da muka saba gani, akwai baƙin tsuntsaye masu gudun sanyin Turai. Suna ƙetare teku da hamada su zo nan su yi watanni, su koma. Su ma zango suke yi, nasu ya fi na kowa nisa.

Da sassafe masunta suke shiga ruwa da jiragensu, su duba komar da suka bari. Karfasa da tarwaɗa suke fi kamawa. Mata suna jira a gaɓa, su saya, su gyara, su soya. Matafiyi da ya sayi kifi nan ya ci sabo, kuma kuɗinsa sun shiga hannun mutanen gari. Ni a ganina wannan ya fi a cika mota da gwangwanayen kifi daga birni.

Akwai wani abin da ya bambanta Madarunfa da sauran tabkuna. Kewaye da ruwan akwai kaburburan bayin Allah waɗanda mutanen wurin suke kira waliyyai 99. Jama'a suna zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. A 2006 hukumomin Nijar suka sa tabkin, da kaburburan, da gandun dajin da ke kusa, cikin jerin wuraren da suke so UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya. A 2019 kuma aka sa tabkin ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla a 1971 don kiyaye fadamu da tabkuna. Saboda haka wurin ba fili ba ne da babu mai shi. Baƙo ya kama bakinsa kusa da kaburbura, ya sa tufa ta kirki, kada ya ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

To, yaya ake yada zango? Abu na farko sallama. Baƙo makaho ne ko yana da ido. Kafin a sauke ko tabarma ɗaya, sai a tafi wurin mai gari ko mai unguwa a gaishe shi, a faɗi daga ina aka fito, ina aka nufa, kwana nawa za a yi. Shi zai nuna wurin da ya dace, sau da yawa ma ya ce a shigo gari a kwana a zaure. Wannan gaisuwa ta ƙara zama tilas, don tun wajen 2019 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka dami ƙauyukan kan iyaka a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji. Mai hankali yana sanar da jandarma zuwansa, yana kwana kusa da mutane, ba ya tafiyar dare. In an ce masa kada ya kwana waje, sai ya ji.

Sai zaɓen wuri. A nemi tudu, kada a sauka cikin kwari ko cikin gulbi don an ga rairayinsa da laushi. Gulbi yana iya kawo ruwa ko ba a yi ɗigo ɗaya a nan ba, in an sha ruwa can sama. Mutanen Maraɗi sun san wannan: tsohon garinsu cikin fadama yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, shi ya sa aka hau da gari bisa tudu. Kada kuma a tare mashaya. Da marece garken Fulani yana gangarowa shan ruwa, kuma saniya ba ta san tanti ba. Inuwar gawo tana da kyau da rani, don shi iccen nan da rani yake ganye, da damana ya kaɗe. Amma a share ƙaya, a duba ƙarƙashin duwatsu da busassun itatuwa saboda kunama.

Ruwan tabki yana da kyan gani, ba shi da kyan sha. Dabbobi suna shiga, ana wanki a ciki. A taho da ruwan famfo ko na rijiya mai murfi. In babu, a tace na tabki da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi. Yara, ku lura da wannan musamman: cikin ruwan da ba ya gudu ake ɗaukar tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar ciwon tana girma cikin ƴan ƙananan dodon koɗi, ta fito ta shiga fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Wanda ya ga jini cikin fitsarinsa ya tafi likita, akwai magani. Da dare kuma kowa ya shiga sange, ko cikin ɗari ne, don sauro ɗaya ya isa ya sa masassara.

Wuta ita ce abin da ya fi haɗa baƙo da ƴan gari faɗa. Ba a sarar ɗanyen icce, balle cikin gandun daji, inda ma'aikata suke tsaro. Itatuwan gaɓa su ne suke riƙe ƙasa. In sun tafi, ruwan sama ya kwashi rairayi ya zuba cikin tabki, tabki ya riƙa cikewa shekara bisa shekara. Madarunfa tana fama da wannan, ga shi kuma tun da aka gina madatsar ruwa a Jibiya, wajen 1990, gulbi ba ya kawo ruwa yadda ya saba. Matafiyi ya tsinci busassun ƙirare, ko ya sayi gawayi a kasuwa. Ya share ciyawa kewaye da murhu. Kafin ya kwanta ya kashe wutar da ruwa, ya rufe da ƙasa, don iskar ɗari tana iya ɗaukar garwashi ɗaya ta kai shi rumbun wani.

Da asuba, bayan salla, a naɗe tabarma da sange. A tsince leda da gwangwani a tafi da su, don akuya tana cin leda ta mutu. Direba ya duba ruwa da mai da ƙafafun mota tun injin yana da sanyi. Sannan a koma wurin mai gari a yi masa ban kwana. Daga Maraɗi zuwa Damagaram sauran kilomita kusan 240. Wanda ya tashi da hantsi zai isa tun rana ba ta faɗi ba.