Me likita yake nema da ƴar gudumarsa?

Ƴan uwa, kalmar jijiya abu biyu take nufi a Hausa. Akwai jijiyar da jini ke gudu a cikinta, akwai kuma mai ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A kan ta biyun za mu yi magana.

Ƙwaƙwalwa ita ce shugaba, nauyinta a jikin baligi bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Daga ƙasanta laka take sauka ta cikin ƙashin baya. Jijiyoyi 12 ne suke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, su ke kula da gani, ji, shaƙar ƙamshi, motsin fuska da haɗiya. Daga laka kuma 31 ne ta kowane gefe, suna zuwa hannuwa, ƙafafu da sauran jiki. Abin mamaki, hanyoyin motsi suna gicciye da juna kafin su shiga laka. Shi ya sa in cuta ta taɓa hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne yake shanyewa.

To yaya likita zai gane inda matsala take alhali bai buɗe kai ba? Da farko yakan tambayi mara lafiya sunansa da garin da yake, ya saurari yadda magana ke fita. Sai ya haska masa tocila a ido ya ga ko baƙin tsakiyar zai tsuke. Ya ce ya bi yatsa da ido, ya yi murmushi, ya fito da harshe, ya matse masa hannu da dama da hagu. Kullum gwada gefe da gefe yake yi.

Sannan ƴar gudumar roba. In ya buga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ƙafa takan yi tsalle da kanta, don saƙon a laka yake juyowa, ba ya jiran izinin ƙwaƙwalwa. In tsallen ya yi yawa, ana zargin ƙwaƙwalwa ko laka. In babu shi sam, ana duba jijiyar da ke zuwa ƙafar. Haka nan yakan karci tafin ƙafa. Ga baligi, in babban yatsa ya miƙe sama, alamar matsala ce, amma ga jariri ba komai. Wani likita a Faransa mai suna Joseph Babinski ya bayyana wannan a 1896. Daga ƙarshe a sa mutum ya yi tafiya, ko ya taɓa hancinsa da yatsa, don a gwada ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai daidaita motsi.

A Amurka akwai likitocin da ake kira na ostiyofati. Andrew Taylor Still ne ya fara wannan tafarki a 1874, ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville a 1892. Yau cikakkun likitoci ne a can, suna ba da magani, suna yin tiyata. Gwajin nan duka suna yin sa, sai dai suna ƙarawa da lalube baya da wuya da hannu, su ji inda nama ya sandare ko gaɓa ta ƙi motsi.

Amfanin wannan gare mu fa? In kun ga bakin wani ya karkace farat ɗaya, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kar a tsaya tausa ko a ce bari a ga safiya. Kar a ba shi ruwa ko abinci, don yana iya ƙwarewa. A lura da lokacin da abin ya fara, a garzaya asibiti. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe hanya cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, bayan an ɗauki hoton kai. Mai hawan jini kuma ya riƙa auna jininsa, kar ya bar shan magani don ya ji sauƙi.