Zargin Zagon Ƙasa a Wasan Kwaikwayon Sararin Samaniya

Masu tsara ƙagaggun labaran kimiyya na talabijin sukan ɗauki rigingimun siyasar duniya su kai su sararin samaniya, domin daga nesa ne mai kallo ya fi ganin aibinsu. Misali shi ne kashin nan mai suna The Drumhead na wasan Star Trek: The Next Generation, wanda aka fara nunawa a Amurka cikin 1991.

Wani abu ya fashe a ɗakin injin kumbon Enterprise. Da yake akwai tsohuwar gaba tsakanin Tarayyar Duniyoyi da daular Romulawa, sai aka aiko wata babbar hafsa, Norah Satie, ta gano mai zagon ƙasa. An kuwa kama ɗan leƙen asiri na gaske, to wannan ƙwayar gaskiya ita ce ta ba ƙazafin da ya biyo baya ƙafafu. Injiniyoyi suka tabbatar da cewa murfin inji ne ya gaji ya tsage, watau hatsari ne kurum. Amma ina! Satie ta riga ta ɗaura ɗamara. Ta tasa wani ƙaramin ma'aikacin jinya gaba, Simon Tarses, wanda iyakar laifinsa ɓoye cewa kakansa Baromule ne. Da Kyaftin Picard ya tsaya masa, sai ta juya kansa, har ta kira shi maci amana.

Duk wanda ya san farautar 'yan kwaminis da Sanata McCarthy ya yi daga 1950 zuwa 1954 zai gane inda aka dosa. A wasan ma ba hujja ce ta karya Satie ba, bakinta ne: ta harzuƙa a bainar jama'a, babban hafsan da ya zo sauraro ya tashi ya fice bai ce uffan ba.