Yadda za ka ɗora tsohon QuickBASIC a kwamfutarka: abin da ya kamata ka sani

Idan kai ɗalibin sakandare ne a Kura ko Bunkure, ko ka samu gurbin karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, mai yiwuwa malami ya ce ka nemo BASIC ka gwada a gida. Ka karɓo a filash, ka danna, kwamfuta ta ƙi buɗewa. Kada ka zargi kwamfutar, lafiyarta ƙalau.

Mene ne kwamfaila?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, lambobi kawai take ganewa. Kwamfaila manhaja ce mai aikin tafinta: kai ka rubuta umarni da kalmomi irin su PRINT da INPUT, ita ta juya su zuwa abin da injin zai iya aiwatarwa.

Yaren BASIC ya fito a 1964 daga kwalejin Dartmouth ta Amurka, ta hannun John Kemeny da Thomas Kurtz. Kamfanin Microsoft ya fitar da kwamfailar BASIC mai suna QuickBASIC 4.5 a 1988. Akwai ƙaninsa QBasic, wanda ya zo tare da MS-DOS 5.0 a 1991. Shi yana gudanar da shirinka, amma ba ya haɗa maka fayil mai cin gashin kansa.

Me ya sa yake ƙin buɗewa?

An gina QuickBASIC ne domin DOS, tsarin da ake amfani da shi kafin Windows ya karɓe kasuwa, kuma a ƙirar da ake kira bit 16. Windows na yanzu mai bit 64 ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji. Maganin shi ne DOSBox, manhajar da ta fito a 2002, wadda take kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa.

Yaya ake ɗora shi?

Fara da sauke DOSBox daga shafinsa na intanet ka girka. Sai ka buɗe folda a kan C ka sa mata suna DOS, a cikinta ka yi wata mai suna QB, ka zuba fayilolin QuickBASIC duka. Kada sunan folda ya wuce haruffa 8, kuma ban da barin sarari a tsakiya, domin DOS ba ya gane dogon suna.

Buɗe DOSBox. Za ka ga baƙin allo da alamar Z:\>. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter:

MOUNT C C:\DOS
C:
CD QB
QB

Layin farko yana gaya wa DOSBox ya ɗauki foldarka a matsayin ma'ajiyarsa. A nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, don haka duba rubutunka sau biyu. Idan shuɗin allo ya bayyana, ka iso. Alt da Enter suna cika allon, Ctrl da F10 suna sako maka linzamin kwamfuta idan ya maƙale a ciki.

Da me zan gwada?

Da lissafin da ka sani a gida. A ce baba ya sayar da shanshera a Kura bayan girbin rani:

INPUT "Buhu nawa", B
INPUT "Kudin buhu", K#
PRINT B * K#

Danna Shift da F5 domin gudanar da shirin. Za ka tambaya, mene ne amfanin alamar # ɗin nan? Idan babu ita, BASIC lambobi kusan 7 kawai yake riƙewa daidai, sai naira miliyan 12 ta fito maka a matsayin 1.2E+07. A yankin da ruwan madatsar Tiga yake ciyar da shinkafa da tumatir, cinikin dillali ɗaya yana iya wuce haka. Ka kuma lura an rubuta "Kudin" babu ƙugiya, saboda DOS bai san ɗ da ƙ ba.

Idan kana son fayil mai zaman kansa, shiga Run ka zaɓi Make EXE File. Sai dai shi ma a cikin DOSBox kaɗai zai yi aiki a sabon Windows.

Nawa zan kashe?

DOSBox kyauta ne, kuma ƙarami ne, ba zai ci maka data da yawa ba. Tsohuwar laftof ta hannu ma ta wadatar. Shi QuickBASIC tuni Microsoft ya daina sayar da shi, shi ya sa kwafinsa yake yawo a filash da shafukan da ba a san asalinsu ba. Ka bincika filash da manhajar kashe bairos kafin ka kwafi komai.

A ganina, idan malaminka bai dage a kan tsohon ba, ka nemi QB64. Kyauta ne, yana karɓar kusan duk umarnin QuickBASIC, kuma yana aiki kai tsaye a Windows ba tare da DOSBox ba. Tambayi malamin wanne za a yi jarrabawar gwaji da shi kafin ka sauke ko ɗaya.